Gurbi Na Uku a Bangon Cocin Zannis

Makullin Kadiyo Sikiniyoti ya daina buɗe cocin mijinta ranar Asabar, takwas ga watan Maris, da misalin ƙarfe huɗu na yamma. Ta zura shi sau uku, ta fitar ta goge da gefen baƙin siket ɗinta, ta sake zurawa. Sai a karo na huɗu ta lura kwaɗon ne ba nata ba. Sabo ne fil, ko tsatsar iskar teku bai fara ba. A cikin bangon cocin akwai ƙasusuwan mijinta Zannis, da na ɗanta Stamatis, da gurbi na uku wanda ba kowa a ciki tukuna.

Shekarunta saba'in da huɗu. Talatin da takwas daga ciki ta yi su tana riƙe da masaukin baƙi mai ɗaki tara a kan tudu, gabas da ƙauyen Ano Mera a tsibirin Mikonos. Cocin yana cikin harabar, taku ashirin daga ɗakin girki, kuma da ƙyar yake cin mutum goma a tsaye. Zannis ne ya gina shi da hannunsa shekarar da jirgin kamun kifinsa ya kife, ya kwana a ruwa rungume da katako, ya yi wa Waliyyi Nikolas alkawarin in ya taka ƙasa zai gina masa ɗaki. Ya bar gurbi biyu a bangon kudu, nasa da nata, kamar yadda duk gida mai coci ke yi: a binne mutum a maƙabarta, bayan 'yan shekaru a tono ƙasusuwan, a wanke da ruwan inabi, a dawo da su gida a rufe da marmara.

Stamatis ne ya riga su. Mota ta buge shi a kan babur yana dawowa daga tashar jirgin ruwa, yana da shekara ashirin da biyu. Da lokacin tono shi ya yi, gurbin uwarsa aka sa shi. Washegari Zannis ya ɗauki guduma da kurfi ya sassaƙa na uku a gefensa.

"Kada ki ce mun cinye miki wuri," in ji shi. Bayan shekara shida shi ma ya tafi.

Gwiwoyinta ne suka sayar da masaukin. Hawa benen nan da zannuwan gado ya gagare ta, ga 'yarta Marusa tana aikin kantin magani a Atina, ba ta da niyyar dawowa. Mai sayen sunansa Aristidis Lekkas, mutum mai ladabi wanda sana'arsa ke nan: ya sayi tsohon masauki, ya gyara, ya ƙara ɗakuna, ya haƙa wurin ninkaya, ya ninka kuɗin ɗaki. A teburin ɗakin girki aka yi maganar. Lauyan Marusa ya ce a cire cocin da hanyar zuwa gare shi daga cinikin, amma sai an kawo mai awon fili, takardu su zagaya ofisoshi, wata takwas ko shekara. Aristidis kuwa yana son magina su shiga kafin bazara.

"A cire shi daga me?" in ji Kadiyo. "Wa ya taɓa sayar da coci? Ni kaina ba nawa ba ne, na Waliyyi ne. Sai in sa shi a takarda kamar akurkin kaji?"

"Mama, takarda ba ta san Waliyyi ba," in ji Marusa.

"Ke ma ba ki san shi ba. Yaushe rabonki da kunna masa fitila?"

Aristidis ya tashi, ya nemi a kai shi cocin. Ya sunkuya ya shiga, ya sumbaci hoton Waliyyi, ya karanta sunayen da ke jikin marmara a hankali. Da suka fito ya zare makullin daga ƙofar, ya sa mata a tafin hannu, ya naɗe yatsunta a kai, ya kira ta Kiriya, wato uwargida.

"Kiriya Kadiyo, ƙofar nan taku ce. In kun ga dama ku zo kullum."

Ta sa hannu ranar Alhamis. Ta koma ɗaki biyu kusa da dandalin ƙauyen, kuma kowace Asabar ta hau tudun da kwalbar man zaitun da lagwani. Aristidis bai yi mata ƙarya ba. Wata goma sha shida ya riƙe alkawarinsa, har ya sa aka yi mata abin dafawa a gefen matakala. A wata na goma sha bakwai ya sayar da otal ɗin, tare da wasu biyu, ga wani kamfanin zuba jari mai ofis a Luksambag. Abin da aka faɗa a bakin ƙofar coci bai shiga cinikin ba, domin ba a rubuta shi ko'ina ba.

Ranar Litinin ƙanen mijinta Lefteris, direban tasi, ya kai ta wurin manajar otal ɗin. Tun a mota ya fara.

"Matar yaya, ki bar ni da su. Ni fa da ƙarfen cire taya na zo."

"Kai da ko murfin kwalba sai ka kira matarka? Tuƙa mu, ka rufe baki."

Manajar, Danai, yarinya ce 'yar shekara talatin da ɗaya daga Tasalonika, watanta biyu a tsibirin. Ta ba su kofi, ta yi bayani dalla-dalla. Kamfanin inshora ya hana wuta a buɗe cikin harabar, ya hana shigar wanda ba baƙo ba kuma ba ma'aikaci ba. Cocin kuma yanzu yana cikin abin da otal ke tallatawa. An riga an kama shi don bikin aure ashirin da shida daga Mayu zuwa Oktoba.

"Aure a gaban yayana?" in ji Lefteris. "Mutumin da ya tsere daga rawar bikinsa ya tafi duba komar kifi?"

Danai ta dube shi, ba ta gane ba. Kadiyo ta ce a buɗe mata kawai ta gani.

An sake shafa farar ƙasa, an yi kyau. Fitilar mai ba ta nan, an sa ta batir mai kyaftawa. A bangon kudu an kafa allon katako fari ya rufe marmarar, da wurin ajiye furanni a jikinsa. Kadiyo ta ɗora tafin hannunta a kan allon, daidai ƙirjinta.

"Nan Stamatis yake. Nan babansa."

"Sunayen da ke baya?" in ji Danai. "Magina sun ce mini sunayen waɗanda suka ba da kuɗin gini ne."

"Su ɗin ne a ciki, 'yata."

Danai ta ja da baya har ta bugi ƙofa. Ta yi alamar gicciye, abin da daga baya ta ce ta shekara goma ba ta yi ba. Ta ce za ta rubuta wa ofis a ranar. Makulli dai ba ta da ikon bayarwa.

Lauyan Marusa ya duba takardun ya ce babu ƙara a nan, fili da duk abin da ke kansa na kamfani ne. Ƙasusuwan kuwa nata ne, ba mai hana ta kwashe su. Marusa ta kira ta a waya tana kuka, ta ce laifinta ne da ba ta dage ba.

"Kin dage," in ji Kadiyo. "Ni ce ban ji ba. Ki share hancinki, kina gaban masu sayen magani."

Fada Arsenis, limamin cocin ƙauyen, ya kai ta ɗakin ajiyar ƙasusuwa na maƙabarta don ta gani da idonta. Akwatunan ƙarfe ne jere a kan kantoci, kowanne da lamba. Wuri biyu ya rage, ɗaya a ƙasa kusa da ƙofa, ɗaya can sama inda sai da tsani.

"Ba kusa da juna ba, Fada?"

"A yanzu dai babu. In wani gida ya kwashe nasa, sai mu matsa."

"Ni kuma fa?"

Fada ya shafa gemunsa, ya ce lokacin bai yi ba, Allah ya ƙara mata kwana. Ta tsaya tana duban kantar sama. Zannis ya auna gurbin nan na uku da tafin hannunsa, tsakaninsa da na Stamatis bai kai yatsa huɗu ba. Ta ce wa Fada ta gode, a bar su inda suke.

Ranar cikar rasuwar Stamatis, sha huɗu ga Yuni, ta faɗo Asabar, kuma akwai biki. Danai ta nemi a ba su rabin awa da safe, aka ce masu kwalliyar furanni za su shiga tun ƙarfe bakwai. Kadiyo ta dafa alkamar sadakar mamaci kamar kowace shekara, da rumman da zabibi da garin sukari a sama. Da ƙarfe biyar na yamma ita da Fada da Lefteris suka tsaya a bakin titi, bayan katangar otal, inda ake hango jan rufin cocin. Fada ya karanta addu'ar, iska na kwashe rabinta. Daga ciki ana jin goge da tafi.

Wasu 'yan biki da suka makara suka sauko daga mota, suka ɗauka wani wasan gargajiya ne otal ya shirya musu. Suka ɗaga wayoyi. Lefteris ya yi kansu, Kadiyo ta riƙe masa hannun riga. Alkamar mamaci ba a hana wa mai wucewa. Ta ɗiba musu a ƙananan kofunan takarda, suka ci, wata mai doguwar riga shuɗiya ta ce da daɗi, ta tambayi sunan abin.

Danai ta fito ta ƙofar ma'aikata. Ta karɓi nata kofin da hannu biyu.

"Allah ya gafarta masa," in ji ta.

"Ya gafarta wa naki," in ji Kadiyo. "Koma ciki, kada su neme ki."

Amsar kamfani ta iso ranar tara ga Yuli, shafi ɗaya da rabi. An yarda Kiriya Kadiyo Sikiniyoti ta shiga cocin sau huɗu a shekara, awa ɗaya kowane zuwa, da sanarwar mako biyu, a ranar da ba biki, ba tare da wuta ba. Za a riƙa cire allon katakon in za ta zo. Izinin nata ne ita kaɗai, kuma yana aiki muddin tana raye.

Danai ce ta kawo takardar har gida ta karanta mata. Kadiyo ta sa ta maimaita layin ƙarshe.

"To, bayan nan fa? Ba shiga nake tambaya ba. Akwai gurbi na uku a bayan allon, mijina ya sassaƙa shi. In an tono ni, Marusa za ta kawo akwati. Za a buɗe mata?"

Danai ta juya takardar, bayanta fari ne.

"Ba su ce komai a kai ba, Kiriya Kadiyo."

"Tambaye su. A rubuce."

Danai ta rubuta a ranar, ta sake rubutawa a watan Agusta. Kadiyo ba ta sa hannu a takardar izinin ba, ta ce sai ta ji amsa. Tsohon makullin yana rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakinta, kuma kowace Asabar tana kunna fitilar mai a kan tagar da ke duban tudun.

A ƙarshen Satumba kamfanin ya sa otal ɗin a kasuwa tare da wasu huɗu a tsibirai uku. Takardar tallan ta lissafa ɗaki goma sha huɗu, wurin ninkaya, da tsohon coci mai ɗaukar mutum goma. Zuwa ranar da aka buga ta, tambayar Kadiyo ta kwana tamanin da uku a ofishin Luksambag ba amsa.