Ɗakin da Ba Ya Amsawa

Idon Inna ya daɗe da rufewa, amma ba wanda ke riƙe mata hannu a gidan. Tana zaune wurin autanta da matarsa, a hawa na uku na wani dogon bene. Idan za ta sauko daga gado takan yi gyaran murya, ta ɗan saurara, sannan ta ja silifa ta nufi ƙofa, ta bi lungun da ke tsakanin ɗakuna har banɗaki. Matar Auta ta sha sayo mata maganin tari saboda wannan gyaran muryar. Inna takan karɓa ta sa albarka, ta tura kwalbar ƙarƙashin gado.

Bango ɗaya ne ya raba ɗakinta da na maƙwabcinsu, wani tela da ke aiki a gida. Kekunan ɗinkinsa ba sa hutawa, rediyonsa ma haka, ga yara masu yawan gudu. Kullum Inna cikin mita take a kansu. Da likita ya ce jininta ya hau, tana bukatar hutu, Auta bai yi dogon tunani ba, ya ɗora laifin a kan bangon.

Ya samo wani kafinta da ke sa allunan tare ƙara. Masu kauri ne, an cusa musu wani abu kamar auduga mai nauyi, an lulluɓe su da yadi mai ruwan toka, sai mutum biyu ke iya ɗaga ɗaya. Kafintan ya ce bangon tela kaɗai ya isa. Auta ya ce uwa ɗaya gare shi, a rufe duka huɗun, har bayan ƙofa, a kuma shimfiɗa kafet.

Aka zaunar da Inna a falo ranar aikin. Tana jin ana buga katako ana ɗaure kusoshi.

"Kai yaro, akwatin gawa kake haɗa mini tun ina da rai?"

"A'a Kaka, ɗakin sarauniya nake haɗawa. In na gama, ko jirgi ne ya sauka gidan tela ba za ki ji ba."

"To in gobara ce fa?"

Kafintan ya yi dariya, ya ci gaba da aikinsa.

Da yamma Auta ya kai ta ciki da kansa, ya rufe ƙofa don ta ji bambanci. Inna ta tsaya a tsakiyar ɗakin ta yi gyaran murya. Ta sake yi. Ta juya kanta hagu, ta juya dama.

"Auta, ina kuka kai ɗakin?"

"Ga shi kina ciki, Inna. Kin ji shiru ko?"

"Na ji," in ji ta. Ta miƙa hannu tana laluben gado, abin da bai taɓa ganin ta yi ba.

Washegari ta buga goshi da kabad. Bayan kwana biyu matar Auta ta same ta a kusurwar ɗaki tana shafa yadin bango tana neman ƙofa, zaninta a jiƙe, don ba ta kai banɗaki ba. Matar ta canza mata kaya. Daga ranar ta rage shan ruwa. Lokaci kuma ya rikice mata. Takan nemi karin kumallo da la'asar, ta tambaya ko Auta ya dawo aiki alhali bai ma fita ba.

Auta ya kira babbar yayarsu a waya. Yaya ta zo, ta zauna a bakin gado, ta duba ƙulun da ke goshin Inna.

"Inna, me ke damunki?"

"Ɗakin nan ne. Ina yi masa magana ba ya amsawa."

Yaya ta dubi Auta, Auta ya dubi kafet.

"Da can yana amsa miki?"

"Sosai ma. Ƙofa da muryarta, kabad da tasa. Yanzu duk sun yi gum."

A falo Yaya ta rage murya, ko da yake yanzu ba abin da ke shiga ɗakin.

"Gigin tsufa ne, ba sai an kai ta asibiti an gaya mana ba. Mutum yana hira da kabad? Ku biyu kuna fita aiki. Zan ɗauke ta, in sa mata mai kula da ita, ta daina tashi ita kaɗai kafin ta karye."

"Ba za ta yarda ba, Yaya. Kin san ta da a riƙe mata hannu."

"Ba shawararta muke nema ba. Ranar hutu zan zo da mota."

Auta ne ya sanar da Inna. Ta ce ba inda za ta, ta juya fuska bango. Ya ɗauki wannan ma a cikin alamun ciwon.

Ranar da aka sa, tun da hantsi matar Auta ta haɗa kayan Inna a jaka. Yaya ta kama hannun Inna na dama, Auta ya kama na hagu, suka fito da ita kamar mai jinya. Tana taka simintin lungu, silifarta ta yi ƙara, sai ta tsaya cak.

"Ku sake ni."

"Inna, mota na jira."

"Na ce ku sake ni. Hannun nawa ne ko naku?"

Suka sake ta, amma hannuwansu na kusa. Ta yi gyaran murya, ta saurara. Sannan ta miƙe sak ta bi lungun, ta kauce wa jakar da aka ajiye a hanya bayan silifarta ta ɗan taɓa ta, ta wuce ƙofar fita ba ta ko juya ba, ta shiga kicin. Ta jawo kujerar da ke bayan ƙofa ta zauna. Tagar kicin a buɗe take, tana kallon tagar tela.

"'Yar nan," ta ce da matar Auta, "famfonki yana ɗiga. Kuma rana ta kusa tsaka, ga shi an fara labarai a rediyon wancan mutumin, ba ki ɗora komai ba."

Matar Auta ta duba agogon wayarta, ta ɗaure famfon.

"Gaskiyarku ce, Inna."

Yaya ta tsaya a bakin ƙofa da mayafi a kafaɗa.

"Haka ciwon yake, yana zuwa yana tafiya. Tashi mu je."

"Ke dai tun kina ƙarama ba kya jin magana sai taki. Ni ba da ido nake tafiya ba, kin sani. Da me kike zaton nake tafiya duk shekarun nan? In na yi gyaran murya, bango ya dawo mini da ita, in san inda yake. Inda ba ta dawo ba, nan ne ƙofa. Wannan sarkin hankalin ya bi ya toshe bakin kowane bango, ya shimfiɗa bargo a ƙasa, sannan ku taru ku ce na haukace."

"Ai ba ki faɗa haka ba, Inna," in ji Auta.

"Na faɗa. Kallon juna kuka yi. Ina jin lokacin da kuke kallon juna, numfashinku yakan tsaya."

Auta ya koma ɗakin shi kaɗai ya rufe ƙofa. Ya tsaya a tsakiya ya runtse ido, ya tafa hannu. Tafin ya mutu a tafin hannunsa. Ya juya a hankali, ya nufi inda yake zaton ƙofa take, sai ya ji gwiwarsa ta bugi gado. Ya buɗe ido ya daɗe a tsaye.

Da ya fito, akwatin kayan aiki ya ɗauko daga saman firij.

"Me za ka yi?" Yaya ta tambaya.

"Cirewa zan yi."

"Ka kashe abin da ka kashe, ka cire? Jininta fa?"

"Sai ta sha magani."

"To ni na faɗi nawa. In ta sake faɗuwa, ba sai ka kira ni ba, da kaina zan zo." Ta durƙusa ta yi wa Inna sallama, Inna ta sa mata albarka ta ce ta gaida yara. Jakar ta bari a lungu.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Bayan kusoshi, kafintan ya sa gam, don haka kowane allo da ya fito sai ya taho da fenti da ɓallin siminti. Auta da matarsa suka yi ta jan su zuwa waje suna jinginawa a kan matakala, suna haki. Bugun da ake yi ne ya fito da tela, da tef ɗin awo a wuya da zare a gaban rigarsa. Ya dubi allunan, ya shafa ɗaya, ya fahimci don wa aka saye su. Kunya ta kama shi.

"Maƙwabci, ashe haka muke damun tsohuwa? Wallahi ban sani ba. Ka bar mini su, in sa a ɓangarena. Ko tari ba za ta ƙara ji daga wurinmu ba."

Auta ya buɗe baki zai amsa. Daga kicin muryar Inna ta fito.

"Wa ke nan? Telan ne?"

"Ni ne, Inna. Ina wuni? A yi mana afuwa."

"Lafiya lau. Ka ji, kada ka kuskura ka sa abin nan a bangona. Ka dai shafa wa ƙaramin keken nan mai, kukansa har cikin haƙorina nake ji."

Telan ya dubi Auta. Auta ya share gumi, ya ce in ba damuwa ya kama masa gefe ɗaya su sauka da allon ƙasa. Telan ya cusa tef ɗin a aljihu ya kama.