Mai Turin Motar Maigida

Manaja ya jujjuya zanen kafin ya gane inda samansa yake, sannan ya ajiye shi a kan tebur.

"Malama mai zane, ina sauran?"

Ta kwashe makonni tana wannan hoton, na bangon littafin tarihin sufuri da kamfanin zai buga wa 'yan firamare. Mota ce irin ta farkon zamani, mai siraran tayoyi kamar na keke, ita kaɗai a tsakiyar wani makeken fili, duwatsu can nesa, sararin sama ya cinye rabin takardar.

"Shi ke nan, ranka ya daɗe. Ƙanƙantar motar cikin wannan daji ita ce labarin."

"Labari! Fenti ne ya ƙare miki, ki faɗi gaskiya." Duk iliminsa na zane bai wuce auren ƙanwar Maigida, mai kamfanin, ba. "Ki ƙara wa motar girma. Ki sa direban ya yi kama da Maigida. Ni ma a ga fuskata. In ya fi ƙarfinki, ɗan yayata ya iya kwamfuta."

Ta san ɗan yayar. Tuni ya gama auna kujerarta da ido.

Ta koma lungunta kusa da injin buga littattafai, ta ɗauki buroshi. A sabon zanen, Maigida ya hau kujerar direba, da tumbinsa da komai. Tayoyin baya ta nutsar da su cikin yashi. Manaja kuwa ya sami gurbinsa a bayan mota: ya duƙa, ya kafa kafaɗa yana turi, jijiyoyin wuya duk a waje.

Da aka kai zanen ofishin Maigida, Manaja ya buɗe baki zai yi bori, sai Maigida ya riga shi.

"Kai, surukina! Har gumin ta fitar! Haka ake son ma'aikaci. Dabarar wa ce?"

Manaja ya dubi mai zane, ya dubi hoton.

"Tawa ce, ranka ya daɗe."

"Madalla. A buga shi haka. A kuma yi babba, a kafe a ƙofar shiga."

Maganar ɗan yaya ba ta sake tashi ba. Ranar kafe hoton, Manaja da kansa ya riƙe wa kafinta tsani, mai zane tana gefe tana duba ko ya karkace. Masinja ya zo wucewa, ya ɗaga kai ya kalli hoton, ya rusuna.

"Sannu da ƙoƙari, ranka ya daɗe. Ta kuwa tashi?"