Gawayi da Lemun Tsami

Da aka gama yankan riɗi a gonakin Gedambaliya na Sudan, Adam bai shiga lorin gida ba. Ya tsaya a bayan bukkar ma'aikata da fasasshen madubi yana duba haƙoransa. Na ƙasa sun yi ja kamar tsatsa.

Kafin damina ya rantse wa matarsa Ummusalama ya bar tumbak, garin tabar da ake cusawa a ƙarƙashin leɓe. Ciwon baki ne ya kashe mahaifinta, kuma ta faɗa masa ba za ta yi jinya irin wannan sau biyu ba: in ya koma, za ta kwashi 'yarsu Raniya su tafi gidan yayanta. Amma a gona gwangwanin tumbak yana yawo hannu zuwa hannu, kuma wanda ya ƙi karɓa kamar ya ƙi mutane ne.

"Ya zol, mutumina, wannan ai ba komai," in ji Elfatih, direban tarakta. "Daka gawayi, sa kanwa, matsa lemun tsami. Ta ganka sai ta ɗauka ango ne."

Adam ya goge safe da yamma. Jan ya ɗan ragu, haƙoran suka koma rawaya, sai ya ƙara lemun. Ranar da sanyin ruwan randa ya sa shi durƙusawa riƙe da haɓa, ya hau mota zuwa garin Gadarif.

Daktora Samah ta baro asibitinta a Khartum lokacin yaƙi. Yanzu tana duba haƙori a wani ɗaki bayan kantin magani. Ta haska bakinsa, ta daɗe.

"Da me ka kankare su? Ko tukunya ba a yi mata haka."

Ya faɗa mata.

"Kai ne na nawa tun girbi," ta ce. "Farin da kake nema shi ka goge. Ba ya tsirowa. Dattin taba injina na iya cire shi, amma ba yau ba, sai zafin ya kwanta."

"Daktora, gobe nake komawa gida."

"Koma." Ta ja leɓensa na ƙasa, ta nuna masa a madubi wani farin tabo, daidai inda tumbak ke zama. "Wannan ne ya dame ni, ba launi ba. Ka dawo a duba shi. Kar ka zo kai kaɗai."

A gida Ummusalama ta soya gahawa, ta daka da citta, ta zuba masa. Ya kurɓa, ya runtse ido, ya ajiye finjalin a hankali.

"Ba ka sha ba, Baban Raniya."

"Ta yi zafi."

"Da da zafinta kake so."

Ta matso, ta kama leɓensa da yatsu biyu kamar yadda take yi wa mahaifinta lokacin jinyarsa. Ba ta ko kalli haƙoran ba. Raniya tana wasa da murfin kwalba a bakin ƙofa.

Ta sake shi, ta shiga ɗaki. Ya ji ta jawo akwati daga ƙarƙashin gado. Da ta fito, mayafin fita ne kawai a hannunta, tana kakkaɓe shi.

"Likita ya gani?"

"Ta gani."

"Wace rana ta ce a koma?"

"Ba ta sa rana ba."

"To, gobe," in ji ta, ta zubar da gahawar a ƙasa.