Kwandunan Baba a Bakin Gada

Kwando yana kansa, ruwa iya gwiwa, sai Baba Mai Tumatir ya tsaya cak a tsakiyar rafi. Dogo, maƙwabcinsa da katanga ɗaya ta raba su, yana biye da shi. Ya ga kwandon ya karkace, tumatir na zuba.

"Baba, lafiya?"

"Ƙirjina ne. Tari kwandon, ba ni ba."

Tun daminar bara gadar ta karye. An zo, an auna, an kafa allo, an tafi. Babbar mota a ƙetare take tsayawa, manoma su haye rafin su kai mata amfaninsu a ka.

Dogo ya tallabo shi zuwa gaɓa, ya jingina shi da wani ƙarfen gadar mai tsatsa. Gumi ya jiƙa rigar tsohon, leɓensa ya yi fari.

"Direba, tayar da mota mu kai shi asibiti."

Direban ya dubi kwandunan da ke jibge a rana, ya sosa ƙeya. "Ni ban ƙi ba. Amma hanyar nan ba a yi mata sawu biyu a yini. In na tafi, sai gobe."

"Ku loda tukuna," in ji Baba.

"Baba, maganar rai ake yi."

"Tsawon banza, ba hankali. Noman unguwa guda ne a nan. Ni ba zan ruɓe kafin la'asar ba. Tumatirin fa?"

Ya so ya yi dariya, tari ya sarƙe shi.

Dogo ya tuɓe riga, ya shiga lodi kamar mai dambe da kwandunan. Kowa ya sa hannu, ba mai kallon ɗan'uwansa. Duk kwandon da Dogo ya miƙa sai ya waiga, Baba ya ɗaga masa hannu, alamar a ci gaba.

Da aka ɗaure igiya ya sake waigawa. Hannun bai ɗagu ba.

Direban ya kashe injin da ya riga ya tayar, ya yi salati. Can ya sake tayarwa, don tumatir ba ya zaman makoki.

Dogo ya riga kowa isa gida. Matar Baba tana shara a ƙofa.

"Ɗan nan, kun dai samu mota?"

"Mun samu, Inna."

Ya waiga baya. Ta bi idonsa zuwa rafi. Maza na hayowa a hankali, ɗauke da Baba a kafaɗa, ruwa iya gwiwa. A gindin karyayyar gadar, tumatirin da ya zube yana ta juyawa wuri ɗaya.