Gyaɗar da Na Watsa wa Guntuwa

Ni dai tun ranar da sabuwar likitar nan ta fara tsayawa gaban kejin birai da littafinta, raina bai kwanta da ita ba. Shekara goma sha tara ina share kejin nan a gidan namun daji, na san mai kallo, na san mai neman dalili. Birai ashirin da uku, amma idonta na kan Guntuwa, tsohuwarsu mai yankakken bindi.

Gaskiya ne Guntuwa ta ja jiki. Da har layi ake yi wajen duba mata ƙwarƙwata. Yanzu tana can lungu kan dutse, daga 'yarta sai ƙanwarta. In kuwa aka rubuta cewa garke ya yar da dabba, ɗakin baya ake kai ta ita kaɗai. Uku na ga an kai, babu wadda ta yi wata biyu a raye.

"Likita, me ake ta rubutawa ne haka?"

"Kallo kawai nake, Baba."

Kallo! Ruwa ba ya tsami banza.

Sai na yi dabara. Kullum kafin ta iso, in faki ido in watsa gyaɗa gindin dutsen. Ta zo ta tarar birai sun yi wa tsohuwa caa, kamar ana sonta. Likita ta dubi kejin, ta dube ni, ta rubuta. Na ce a raina, rubuta ki gaji.

Rana ta tara, wani ƙaton namiji ya yi wawar gyaɗa, ya sami Guntuwa a hanya. Ya yage mata cinya har ƙashi.

Likita ta iso da gudu, ta durƙusa jikin wayar kejin.

"Ban gane ba wallahi," in ji ta. "Satin farko na rubuta a bar ta cikinsu. In sun tsufa, da kansu suke rage abokai don su huta da faɗa. Me ya tara mata su haka?"

Kunya da baƙin ciki suka rufe ni.

"Da wannan ciwon ba za ta zauna a nan ba." Ta miƙo mini bargo. "Shiga ka ɗauko ta, Baba. Kai kaɗai ta yarda da kai."