Malam Maiwada Bai Faɗi Suna Ba

Ina cikin zuba wa wata yarinya ɗanwake a bakin makarantar firamaren garinmu, kusa da Gurbin Bore, sai Sanda ya wuce ni da adda a hannu. Ko sallama bai yi ba. Da na ga ya nufi aji huɗu, na ajiye ludayi na bi bayansa.

Malam Maiwada ne a ajin, maƙwabcina, katanga ɗaya ta raba mu. Shi ke koya wa yara zane. Ba ya zana musu ƙwarya a allo ya ce su kwafa. Gawayi yake raba musu da takardun buhun siminti, kowa ya fitar da abin da ke ransa. Ranar Litinin ya ce su zana abin da suka taɓa gani, a ido ko a mafarki. Wani ya zana kura a kan keke, wata ta zana kakarta da fukafukai. A wata takardar kuma ga mutum mai yankakken kunne yana kora bijimai biyu ta bayan rafi. Malam ya liƙa su duka a bango bai kawo komai a ransa ba, amma yara suka kai labari gida. Sati biyu ke nan da sace bijiman Alhaji Haladu, kuma mai yankakken kunne ɗaya ne a garin, wato Sanda. Shekarar da aka fara Shari'a ce, kowa ya san abin da ke jiran hannun ɓarawon shanu.

Sanda ya fizge takardar daga bango. "Malam, wa yaz zana wanga?"

"Ɗauke ta ka tahi, Sanda. Wasan yara na."

"Takarda ba ta magana gaban alƙali. Wanda yag gani shi ka magana. Hwaɗa min sunanai."

"Ni niz zana."

"Ƙarya kaka yi."

Malam ya matso ya tsaya tsakaninsa da bencinan yara. Bai waiwaya ba ya ce, "Ku hita ta taga, ƙanana su hwara."

Sanda ya yunƙura zai cafko yaron da ke gaba, Malam ya rungume ƙugunsa. Saran farko a damtse ya sauka, na ji ƙarar ƙashi. Bai saki ba. Na biyu ya shige tsakanin wuya da kafaɗa, jini ya yi tsartuwa har kan allo. Na ɗauki benci na maka wa Sanda a baya ina kururuwa, ya hankaɗe ni na bugu da ƙofa. Yara na ta dirowa waje, Malam kuwa yana durƙushe, hannunsa mai lafiya damƙe da wandon Sanda, har maza suka iso daga gonaki da fartanya. Suka kayar da Sanda, suka karya masa hannu kafin addar ta faɗi.

A bayan a-kori-kurar gero muka ɗauki Malam zuwa asibitin Ƙaura, kansa a cinyata, na toshe raunin da ɗankwalina.

"Inna Larai, duk sun hita?"

"Duk sun hita, Malam."

"Kin san mai zanen?"

"Ban sani ba."

"Madalla." Ya ja numfashi da ƙyar. "Hannun mai zanen na da kyau. Kada a hana su gawayi."

Na laƙƙana masa kalmar shahada, ya maimaita. Kafin mu kai layin dogo jikinsa ya saki.

Bayan sadakar uku na shiga wurin matarsa Balaraba, na tarar ta jiƙa rigarsa ta zuwa aiki a cikin baho. Ashe akwai guntayen shuɗin alli a aljihun, sun narke, ruwan ya zama shuɗi. Tana zaune a turmi, hannuwanta biyu a ciki, ba ta cuɗa ba, ba ta kuma fitar da su ba.