Makoki a Hawa na Huɗu

Godiya ta tabbata ga Allah, Wanda Ya ɓoye wa kowane rai sa'ar tafiyarsa, Ya riƙe saninta a wurinsa Shi kaɗai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Ya Ubangiji, Ka daidaita harsunanmu a kan gaskiya, ko da tana da nauyi.

Bayan haka, a wata jami'a da ke gabashin Landan, kusa da Stratford, akwai tsarin da ake yi wa 'yan shekarar farko. Waɗanda ke karatun fanni ɗaya akan tara su a hawa ɗaya na gidan kwanan ɗalibai, su tafi aji tare, su yi bita tare, su ci abincin yamma a teburi ɗaya. Ƙa'idar da aka gina zaman a kanta ita ce kada a bar kowa shi kaɗai da damuwarsa. A hawa na huɗu aka ajiye masu karatun haɗa magunguna, a cikinsu akwai Karimatu, wadda ta zo daga Funtuwa. Ɗakinta yana manne da na Rhoda, 'yar Jos da iyayenta suka daɗe a unguwar Plumstead ta Landan. Tun ranar da suka ji Hausa a bakin juna a ɗakin girki ba a ƙara ganin ɗaya ba ɗaya. Na ukunsu shi ne Nabil, haifaffen Landan, wanda ke jin Hausa sarai amma ba ya amsawa sai da Turanci. Aikinsa a teburi shi ne satar nama daga miyar Karimatu, ita kuwa ta kira shi Bahaushen roba.

Karimatu ta baro mahaifiyarta a kwance. Kullum bayan la'asar takan kira gida, a kanga wa Inna waya a kunne, su gaisa ko da a taƙaice ne. A ranar wata Litinin cikin hunturu Allah Ya karɓi ran Inna, aka kai ta makwancinta kafin rana ta faɗi. Ranar Alhamis ta wannan makon kuwa Karimatu ke da jarrabawar da sai an ci ta ake wucewa gaba.

Kawu Abdulƙadir, yayan mamaciyar, wanda ke zaune a Croydon, kudancin Landan, shi ne waliyyin yarinyar a ƙasar nan. Da shi da mutanen gida suka yanke shawara irin wadda aka saba yankewa a ƙasarmu: kada ta ji sai ta ajiye alƙalami. Ya kira Rhoda, ya gaya mata abin da ya faru, ya roƙe ta ta raba Karimatu da waya iyakar iyawarta, don kada ta ci karo da ta'aziyyar wani mai gaggawa. Rhoda ta gaya masa cikin ladabi cewa makarantar tana ɗage jarrabawa ga wanda aka yi wa rasuwa. Ya ce ya ga 'ya'yan mutane da aka mayar gida saboda faɗuwa a shekarar farko, ba zai jingina makomar 'yar ƙanwarsa a kan alkawarin ofis ba.

"Wadda ta tafi ta tafi, 'yata," in ji shi. "Amana na ba ki."

Raba ta da waya bai yi wuya ba, domin dama al'adar hawan ce a makon jarrabawa kowa ya jefa wayarsa a kwando har a gama bita. Abin da ya gagara shi ne ɗaukar maganar. Rhoda ta kasa riƙe ta ita kaɗai, ta gaya wa Nabil. Nabil ya gaya wa abokin ɗakin gwajinsa. Zaman da aka tsara don kada wani ya ɓoye damuwa ba ya iya riƙe sirri, don haka kafin azahar ta Talata babu wanda bai sani ba a hawa na huɗu sai mai gawar.

Daga nan gidan ya sauya. Idan Karimatu ta shigo ɗakin girki sai hira ta yanke, a shiga neman cokali ko gishiri. Wata Baturiya da ba su cika magana ba ta rungume ta a baranda, ta wuce ba ta ce komai ba. Duk inda ta nufa sai wani ya ce shi ma can za shi. A teburi Nabil bai taɓa namanta ba, da aka gama ma ya ɗauki kwanonta ya wanke.

"Bahaushen roba, yau tuba ka yi?" in ji ta. "Ko likita ya hana ka nama?"

Ya yi murmushin da bai kai ido ba, ya ce da Turanci ba ya jin yunwa ne. Ta dube shi, ta dubi Rhoda, Rhoda ta sunkuyar da kai cikin littafi.

Da Karimatu ta karɓi wayarta ranar Talatar ta kira gida, ƙanwarta ce ta ɗauka, ta ce Inna na barci, jiki kuma da sauƙi. A bayan muryar yarinyar Karimatu ta ji muryoyin mata da yawa da ƙarar manyan tukwane, ta kuma ji wata ta ce a rage murya. Ta tambayi ko baƙi aka yi. Aka ce 'yan dubiya ne, layin ya yanke. Ta daɗe zaune a bakin gado. Sannan ta yi alwala, ta yi sallar magariba, ta ɗaga hannu tana roƙon Allah Ya tashi kafaɗun Inna, Ya ba ta lafiya mai ɗorewa, Ya nuna mata ranar da 'yarta za ta gama karatu. Bangon ɗakunan siriri ne. Rhoda tana ɗaya gefen tana jin kowace kalma, hannunta a kan bakinta.

Ranar Laraba Rhoda ta kira mahaifiyarta tana kuka, ta gaya mata komai, ta roƙe ta kada ta ce kome. Matar ta yi alkawarin ba za ta buɗe baki ba, ta kuma cika shi. Amma ita mace ce da ta girma a Jos cikin maƙwabta Musulmi da Kirista, inda ba a barin gidan mutuwa ya hura wuta. A ganinta barin marainiya ta kwana a kan burodi da shayi abin kunya ne da ba za ta iya ɗauka ba. Ta dafa tuwon shinkafa da miyar kuka da kunun gyaɗa, ta cika manyan kuloli, ta hau bas da su daga Plumstead har Stratford.

Da ta iso ɗakin girkin ta jera kulolin a kan teburi. Ba ta zauna a kujera ba. Ta cire takalmanta, ta ja mayafi ta rufe kanta, ta zauna a ƙasa ta jingina da bango, kamar yadda jikinta ya saba yi a irin wannan rana ba tare da ta shawarci zuciyarta ba. Ɗaliban da ke wurin suka ga babbar mace a ƙasa, suka ji nauyin zama a sama da ita. Ɗaya bayan ɗaya suka sauko suka jera a gindin bango, Turawa da Indiyawa da 'yan Afirka, ba mai magana, ba mai taɓa abinci.

A haka Karimatu ta dawo daga ɗakin karatu ta same su. Duhun hunturu ya riga ya rufe tagogi tun da wuri. Ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta a kafaɗa. Ta dubi takalman da aka cire, ta dubi kulolin da ba a buɗe ba, ta dubi mutanen da suka zauna a ƙasa suka bar wuri guda a tsakiya. Ta san wannan zaman. Ta gan shi a gidansu ranar da kakanta ya rasu, ta gan shi a gidajen maƙwabta tun tana ƙarama.

Ta durƙusa ta gaida matar kamar yadda ya kamata, sannan ta ce, "Mama, wa ya rasu?"

"Zauna ki ci abinci tukuna, 'yata."

Karimatu ta sauke jakarta a hankali. Ta juya ga Rhoda.

"Yaushe?"

"Litinin."

"An kai ta?"

"An kai ta."

Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ta maimaita har muryarta ta tsaya. Ba ta yi kururuwa ba. Da ta sake magana, da Rhoda ta yi, murya ƙasa-ƙasa.

"Jiya kin ji ni ta bango."

"Na ji."

"Ina roƙa mata lafiya tana cikin kabari. Addu'ar gafara take jira daga gare ni a darenta na farko, ni kuwa ina haddar sunayen magunguna. Bugu ɗaya a bangon nan ya isa, Rhoda."

Nabil ya buɗe baki, a karon farko Hausa ta fito, ya ce, "Allah Ya jiƙanta." Karimatu ta ce amin ba tare da ta dube shi ba, ta shiga ɗakinta ta rufe ƙofa. Har aka watse babu wanda ya ƙwanƙwasa.

Ba ta zauna jarrabawar Alhamis ba, makarantar kuwa ta ɗage mata ita zuwa bazara ba tare da wata wahala ba. Kawu Abdulƙadir ya zo da yamma, ta durƙusa ta karɓi gaisuwarsa, ba ta ɗora masa laifi da ko kalma ɗaya ba, domin ta san da ƙauna ya yi. Ta ci gaba da zama a hawa na huɗu, tana zuwa bita, tana amsa gaisuwar Rhoda. Sai dai wani abu ya zauna mata wanda bai tashi ba. Duk ranar da wani ya yi mata alheri ba dalili, ko hira ta yanke daidai shigowarta, sai ta ajiye abin da ke hannunta ta kira mahaifinta. Idan aka ce mata yana barci, ko ya tafi masallaci, ba ta yarda. Takan tsaya a baranda da wayar a kunne, ta ce a tashe shi, ko a bi shi da ita, sai ta ji muryarsa da kanta.

Ya Allah Ka jiƙan Inna da dukkan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ka yalwata musu kaburburansu, Ka isar musu da addu'ar 'ya'yansu na kusa da na nesa. Mai karanta wannan kuwa, Allah Ya raya shi cikin aminci, Ya sa ya cika da imani. Amin.